Ƙarshen da Tela Ya Ɗinka wa Babansa

Ƙanena ya bugo waya daga Maraɗi ya ce, "Yaya, ke kika raini yarinyar nan, kuma ke ce a Yamai. Ki bincika. In kin ce a ba shi, a ba shi. In kin ce a'a, ni ban san shi ba balle in yi gardama." Da wannan maganar aka ɗora mini auren ɗiyarsa a ka.

Ɗiyar tana hannuna tun ba ta iya ɗaura zane ba. Yanzu ungozoma ce a wata likita, wato ƙaramin asibitin unguwa, ta wuce a zaɓa mata miji, ita ta kawo shi da kanta. Tela ne, ɗan mutanen Damagaram, atelyensa, wato shagon ɗinkinsa, yana unguwar Bukoki, ba nisa da inda nake sayar da dambu da kopto, kwaɗon zogale. Ya zo gaishe ni ya durƙusa har ƙasa, yana magana a sanyaye kamar mai lallashin jariri. Ban so sanyin nan ba.

Bincike yana da hanyarsa. Ba a tambayar dangin mutum, za su ce waliyyi ne. Ba a tambayar ƴan fadarsu, tukunyar shayinsu ɗaya. Ana tambayar mahauci, da mai butikin da ke kusa, da matar da ya taɓa makarar wa da ɗinkin salla, da tsohon da ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Kuma ba a cewa maganar aure ce. Sai a ce yadi ake son kai masa, ana tsoron hannunsa. Haka na yi ta yi. Mahauci ya yabe shi. Tsohon masallaci ya yabe shi. Har matar ɗinkin salla ta ce ai da kansa ya biyo ta gida ya ba ta haƙuri. Yabo ya yi yawa har ya fara yi mini wari.

Mai butiki ne ya ba ni bakin zaren. Ya ce, "Lahadi ce kawai ba a ganinsa. Ya rufe atelye, ya rataya jakar odinater, kwamfutar nan tasa, ya hau moto ya nufi Tondibiya."

"Yin me?"

"Wai kallon silima."

Na dawo gida na tarar da ɗiyar tana wanke takalmanta na aiki. Na tambaye ta. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Tsohon fim ne, Gwaggo, na soyayya a lokacin juyin juya hali. Babansa yake kai wa."

"Kin gani da idonki?"

"Ni da ba a kai ni gidan ba tukuna?"

"Fim guda, kowace Lahadi?"

"Guda."

"To, ke da kika yi lakwal, karatun boko, tun kina ƙarama, gaya mini. Wane namiji ne zai bar akwatin tele a Bukoki ya tafi bakin kogi kallon abin da ya riga ya san ƙarshensa?"

Ta yi dariya ta ce ni ko liman aka kawo mini sai na duba aljihunsa. Ban musa ba.

Duk wanda ya daɗe a Yamai ya taɓa wayar gari ya kunna rediyo ya ji kiɗan soja maimakon labarai. Don haka idan aka ce mini maza suna fita bayan gari da odinater kuma akwai juyin juya hali a cikin zancen, ba silima ke fara zuwa raina ba. Na yi tunanin taron siyasa, irin wanda ke sa a zo a tafi da mutum a bar matarsa tana kai tuwo ƙofar kaso. Na yi tunanin giya a inuwar mangwaro. Na yi tunanin wani gida da yake ɓoyewa. Ko wanne ne, ƙarshensa guda, mace a bakin ƙofa tana jira. Wannan tsayuwar na san ta.

Mijina direba ne. Ya tafi bakin teku da babbar mota ina da ƙuruciyata, bai dawo ba. Duk wanda ya zo daga can cikin ƴan'uwansa sai ya ce, "Yana gaishe ki, bayan salla yana tafe." Salla ta wuce, wata ta zo. Ashe tun farkon tafiyar ya gaya musu ya kafa gida can, ba zai komo ba. Sun sani dukansu. Ran da na gano na tambayi wansa dalili, ya ce tausayina suka ji. Tausayin nan ya cinye mini shekarun haihuwa. Bayan alƙali ya raba auren ne na shiga karatun manya, da furfura a gefen kaina, ina zuwa bayan la'asar da warin albasa a hannu. Na koyi karatu, na koyi Faransanci daidai gwargwado, don kada wani ya sake tsayawa tsakanina da magana.

Lahadi na shiga motar haya ta faba-faba har inda gudron, titin kwalta, ya kai ni, na ƙarasa da ƙafa. Ina da dalili a hannu, don dama daga lambunan can ake kawo mini zogale. Na yi wa matan lambu fofo, gaisuwar Zabarmawa, na sayi ganye, na tambayi gidan baban telan, tsohon direba ɗan Damagaram. Suka nuna mini wani gidan ƙasa mai panon wutar rana a kan rufi. Wata ta ce da Zabarmanci, "Mai silima?" Suka kwashe da dariya. Dariyar ma ban yarda da ita ba.

Na san ba a yi. Gwaggon yarinya ba ta shiga gidan uban manemi tun ba a kawo goro ba, abin kunya ne ga gida biyu. Na tsaya a zaure na auna kunyar, na ga ba ta kai nauyin shekarun da na yi a bakin ƙofa ba. Na yi sallama.

Telan ne ya leƙo. Ya gan ni da buhun zogale a ka.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. An ce ana silima a nan, na zo kallo."

Ba taro, ba kwalba, ba mace sai yayarsa da ke tsince shinkafa a tsakar gida. A ɗaki an rataya bargo a taga don a rage haske. Wani dogon tsoho yana zaune a kan kujerar roba, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, sun yi fari kamar an ɗiga nono. Odinater tana kan turmi da aka kifa. Na ji telan ya gaya masa ko ni wace ce, bai ɓoye ba. Tsohon ya ce, "To, Hajiya, tunda kin riga kin karya al'ada, zauna ki karya ta da kyau. A ba ta tabarma mai laushi, fim ɗin dogo ne."

Ya ba ni labarin da kansa. Suna sabon aure a Damagaram ya saci jiki ya kai amaryarsa silima, ta lulluɓe har ido don kada a gane ta. Silimar wancan zamani ba ta da rufi. Ana cikin kallo, an kusa ƙarshe, hadari ya taso, ruwa ya sauko, kuran lantarki ya ɗauke, kowa ya yi ta kansa. Washegari ya tafi da mota arewa, kafin ya dawo an sauke fim ɗin. Suka rayu ba su san yadda ya ƙare ba. Ita kullum cewa take ai dole namijin fim ɗin ya dawo wa masoyiyarsa. Bayan rasuwarta ya sa ɗansa ya nemo masa fim ɗin, ga shi bai riƙe sunansa ba, sai dai ya kwatanta. An sha wuya kafin a same shi, lokacin kuma ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, Faransancin fim yana gudu ya fi na direba. Shi ya sa ɗan yake zama kusa da kunnensa yana gaya masa abin da ke gudana da Hausa.

Na ce a raina, labari ya yi kyau. Bari mu ga ko zai tsaya.

Na zauna ne don in kama ɓarawo, fim ɗin ya kama ni. Wata ƙasar Turawa ce mai sanyi, da kogi ya fi namu faɗi. Namijin matuƙin jirgin fito ne. Macen ɗiyar gwamnan lardi ce, mai safar hannu fara, wadda ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi ba. Da farko na raina su duka. Sai talakawa suka tashi wa sarkinsu. Abin da ya fara sa na gyara zama shi ne yadda aka nuna safiyar. Ba su fara da bindiga ba. Sun nuna mata a layi ƙofar gidan burodi, ƙofa a rufe, ba mai magana, kowa yana satar kallon maƙwabcinsa. Wanda ya yi fim ɗin nan ya taɓa wayar gari irin wannan, ba ji ya yi a bakin wani ba.

Kogin ya zama iyaka, masu juyi a wannan gaɓa, mutanen sarki a waccan. Matuƙin ya ƙetare da ita cikin hazo, ya kashe injin don kada a ji, jirgi cike da mutane har da jarirai, ba abin da kake ji sai ruwa yana lasar katako. Na tsinci kaina na toshe bakina da mayafi, kamar tarina zai tona musu asiri. Ya sauke ta, ya ce zai koma ya kwaso sauran, ya dawo kafin kogi ya daskare. Ya koma. Masu juyi suka riƙe shi da jirginsa.

Daga nan fim ɗin na macen ne. Ta zauna a wata rumfar kwastan a bakin ruwa tana wankin tsumman raunukan soja. An nuna hannuwanta kusa, sun tsattsage, sun yi ja, zoben ya ƙi fita. Ban taɓa ganin an ɗauki hannun mace mai wanki da daraja haka ba. Duk jirgin da ya ɓullo sai ta ajiye wankin ta miƙe, sai gogen Turawa masu yawa su taso tare a hankali, kamar abu yana cika ƙirji. Jirgin ya wuce, ta koma ta durƙusa. Ba ta kuka. Mai fim ɗin ya san cewa mai jira ba ta da lokacin kuka, akwai ruwa a wuta.

Telan kuwa gwani ne. Yakan ce, "Baba, ga ta nan ta fito, ta yafa bargon soja, iska tana kaɗa shi." Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Nan ne uwarka ta matse mini hannu." Ina sauraron Faransancin da kunne guda, Hausarsa da ɗayan, ban kama shi da ƙari ko ragi ba. Har na fara jin haushin kaina.

Sai ƙarshe ya zo. Yaƙi ya ƙare, an buɗe kogi. Ta tsufa, tana tsaye a mashiga. Jirginsa ne ya taho, na gane shi da fentin gefensa. Mutumin da ke riƙe da sitiyari yana sanye da babbar rigar sanyin matuƙin, amma ba shi ba ne. Gajere ne, mai faɗin fuska. Ta tambaye shi. Ya cire hula ya ce mata mai rigar ya mutu tun sanyin farko, mutanensa ne suka harbe shi don ya ƙi ɗaukar bindigogi, an binne shi a wani tsibiri a tsakiyar ruwa. Ta shiga jirgin. Aka nuna ta tsaye ita kaɗai, tsibirin yana wucewa ta gefenta.

A kusa da ni kuma na ji telan yana cewa, "Ga shi nan, Baba. Ya yi furfura, amma shi ne. Ya cire mata hula. Yana ba ta haƙuri, ya ce tsare shi aka yi. Ta shiga jirgi, sun kama hanyar gida."

"Muryarsa ta sake," in ji tsohon.

"Sanyi ne da hayaƙin yaƙi, Baba."

Tsohon ya yi murmushi har dasashi ya ce, "Ai uwarka ta faɗa."

Muryar telan ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Abu guda na gani, babban yatsansa na hagu yana ta murza gwiwarsa kamar mai goge alli a yadi.

Ya rako ni har bakin lambu ɗauke da buhuna. Da muka yi nisa da gidan na ce ya ajiye.

"Kai tela, ni ma ina jin Faransanci. Ko ban ji ba, ina da ido."

"Na sani, Inna. Tun da kika zauna na sani."

"Amma ka yi ta a gabana."

Ya ce ran da ya samo fim ɗin ya kalle shi shi kaɗai, ya ga ƙarshen, ya tuna yadda uwarsa take cewa dole ya dawo. Bakinsa ya kasa. "Tsoho ne, makaho, abin da ya rage masa ke nan. Wa na cuta?"

Na ce, "Masu irin wannan tausayin duka haka suke tambaya. Ni ba tsohon ne ya kawo ni ba. Ɗiyata ce. Ran da atelye ya ƙone, ko likita ya gaya maka wani abu a kanta ko a kan ɗanta, haka za ka zauna kusa da kunnenta ka gyara mata labari da wannan muryar taka mai sanyi?"

"Wannan daban ne."

"Ban ga bambancin ba. Ba zan gaya wa tsohon ba, ubanka ne. Amma bakin da ya iya wannan ba zan ce a ba shi ɗiya ba."

Na zaci zai durƙusa ya yi ta roƙo. Bai yi ba. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, abin da ke tsakanina da mahaifina ba kayan lefe ba ne." Ya ɗora mini buhuna a ka da ladabi, ya juya. Wannan ce maganarsa ta farko da ta burge ni, kuma ita ma na ɗauke ta na juya ta a faba-faba ina neman inda aka yi mata ado.

Gida ya yi tsami. Ɗiyar ta daina cin dambuna, tana sayen burodi a hanya. Ta ce, "Gwaggo, saboda Baturen da bai taɓa rayuwa ba za ki hana ni aure?" Na ce saboda wanda yake raye ne. Ƙanena ya yi ta bugowa, ina cewa bincike bai ƙare ba. Kiɗan gogen nan kuma ya bi ni har wurin sana'a, ina yanka albasa ina jin sa, ina ganin hannuwan matar. Na ji haushi da fim ɗin maƙaryaci ya zauna mini a rai haka.

Lahadi ta wuce, wata ta wuce, har na daina sa ido. Sai ran nan da hantsi telan ya tsaya gaban teburina, ya rame kaɗan. Ya ce, "Lahadi, in kina da hali." Bai jira amsa ba.

Na je. Muka sake bi ta layin burodi, da hazo, da rumfar wanki. Wannan karon na lura da abin da ya wuce ni da farko, tun a tsakiyar fim an nuna tsibirin da wani sabon tudun ƙasa a kansa, a can gefe, ba a ce komai ba. Mai fim ɗin bai yi wa kowa ƙarya ba, ya ajiye gaskiyar a fili ga mai ido.

Jirgi ya taho. Telan ya yi shiru. Gajeren mutumin ya cire hula yana magana, ɗakin ba mai fassara.

"Ka yi barci ne?" in ji tsohon. "Ai nan ne yake ba ta haƙuri."

"Baba, ba shi ba ne. Wani ne sanye da rigarsa. Shi ya mutu."

Muryar ta fito a karye, ba daɗin ji. Hannuwansa biyu suna kan cinyarsa ba motsi.

Goge yana ta yi, tsohon ya juyo wajen ɗansa.

"Yaushe?"

"Tun sanyin farko. Mutanensa suka harbe shi."

"Duk wankin nan da ta yi, yana ƙasa?"

"Yana ƙasa, Baba."

"Ba wanda ya ƙetaro ya gaya mata?"

"Babu."

"Mutanen banza," in ji tsohon. Ya share fararen idanunsa da bakin riga. "Kai ma ka bar ni ina yi wa mutum barka da dawowa kowace Lahadi." Sannan ya ce, "Uwarka ta tafi da nata ƙarshen. A bar mata shi."

Ya juyo daidai inda nake kamar yana gani. "Hajiya, ke kika sa shi?"

"Ni ce."

"Ban ce na gode ba."

"Ban zo karɓar godiya ba, Malam."

"To. Lahadi mai zuwa ki matso da tabarmarki nan kusa. Tela ne, ban san ko akwai wani wurin da ya yi mini faci ba."

A bakin gudron, ina jiran faba-faba, na kira ƙanena na ce a ba shi. Ya ce, "Kin tabbata, Yaya?" Na ce ban tabbata da kowa ba, amma na ga ya faɗi magana mai ɗaci ga wanda ya fi so a duniya, kuma da aka ƙara tambayarsa bai zuba mata sukari ba.

An yi auren, suna zaune a Banifandu. Ina zuwa Tondibiya mafi yawan Lahadi, in sayi zogale in zauna kusa da kujerar roba. Tsohon ba ya murmushin nan na da. Wani lokaci jirgi yana ɓullowa zai ɗaga hannu ya ce a kashe, yau ba zai iya ba. Wani lokaci ya ce a bari har tsibirin ya wuce, mu yi shiru mu uku. Ban sake kama telan da faci ba, amma ban daina saurare da kunne biyu ba.

Ran da za a kai ɗiyar ɗakinta, mata suka yi ta yi mata nasihar haƙuri da girki. Da aka zo kaina na ja ta gefe na ce, "Duk ran da ya kawo miki labari mai santsi, kada ki dubi bakinsa. Dubi babban yatsansa na hagu."